Yadda Ake Gano da Gyara Matsalar USB Mai Yawan Yankewa a Kwamfutar Tebur

Kana cikin kwafe aiki zuwa filash sai ka ji ƙarar nan ta Windows mai nuna an zare na'ura, bayan daƙiƙa biyu kuma ka ji ƙarar dawowarta, alhali babu wanda ya taɓa komai. Wani lokacin firinta ce za ta tsaya a tsakiyar shafi, ko linzami ya daskare ya saki, ko kibod ta ɗauke ɗif sai an kashe kwamfuta an sake kunnawa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake saurin cewa "ai bod ne ya mutu", a sa mutum ya sayi sabon madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke haɗuwa a kansa, da kuɗin da bai shirya kashewa ba, ya koma gida kuma matsalar ta biyo shi. Na daɗe ina buɗe kwamfutocin tebur, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo mini da wannan ƙorafi, madabod ɗinsu lafiyarsa lau. Waya ce, ko ƙura, ko ƙarancin wuta, ko wani saiti.

Don haka hanyar da zan nuna maka daga waje take farawa ta shiga ciki, daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da sai an sa hannu a aljihu. Sharaɗi ɗaya ne: abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Idan ka canza abubuwa uku a tare matsalar ta tafi, ba ka san wanne ne ya gyara ba, kuma ranar da ta dawo za ka koma farko.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Kowane ramin USB abu biyu yake ɗauka: wuta mai ƙarfin volt 5, da kuma bayanai. Ramin USB 2.0, wanda galibi harshensa baƙi ne, yana ba da wuta har miliamf 500. Ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe, yana kaiwa miliamf 900, kuma saurinsa ya ninka na farko kusan sau goma. Ramukan bayan kwamfuta a jikin madabod aka manne su da dalma. Na gaba kuwa a jikin akwati suke, wata siririyar waya ce ta haɗa su da madabod. Na'ura takan yanke ne idan wutar ta yi ƙasa, ko bayanan suka gurɓata a hanya, ko kuma ita kwamfutar da kanta ta sa ramin barci don rage cin wuta. Duk matakan da ke ƙasa neman ɗaya daga cikin ukun nan suke yi.

Kayan aiki

- Sukundireba mai kan tauraro
- Tocila, ko hasken wayarka
- Buroshi mai laushi, irin na fenti wanda ba a yi amfani da shi ba, da abin hura iska na hannu
- Tsinken sakace na itace ko na roba
- Ruwan goge kayan lantarki irin isopropyl. Idan babu, sifirit na kemis zai yi, amma ka bari ya bushe sarai kafin ka kunna
- Mita ta auna wuta
- Filash da ka tabbatar lafiyayye ne, da wayar USB ta biyu, gajera mai kauri
- Kibod da linzami masu waya
- Tsohuwar wayar USB da ba ka jin asarar yankewa
- Littafin madabod ɗinka. Lambar samfurin tana rubuce da manyan baƙaƙe a jikin bod ɗin, da ita za ka sauko da littafin daga shafin kamfanin
- Takarda da biro

Kafin komai, ka kwafe muhimman ayyukanka zuwa wani wuri, domin yankewar USB a tsakiyar rubutu tana lalata fayil, wani lokacin ma ta lalata filash ɗin gaba ɗaya. Duk lokacin da za ka sa hannu a cikin akwati ko ka taɓa cikin rami, zare filogi daga bango, sannan ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fice. Kashewa daga Windows kaɗai bai isa ba, domin akwai layin volt 5 da ke nan a raye muddin filogi na jikin soket. A lokacin hunturu, sanda iska ta bushe har kake jin tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa bod. Kada kuma ka taɓa buɗe fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, domin yana riƙe wutar da za ta iya yi maka illa ko bayan an zare shi.

Mataki na 1: Rubuta yadda matsalar take zuwa

Mutane na raina wannan mataki, amma shi ne yake ba ka bakin zaren. Ka yi kwana ɗaya kana amfani da kwamfutar, duk sanda ta yanke ka rubuta: wace na'ura ce, a wane rami, kuma me ake yi a lokacin.

Idan na'ura ɗaya ce ke yankewa ko ina ka sa ta, zargi na kanta ko kan wayarta. Idan rami ɗaya ne ke yi wa kowace na'ura haka, ramin ne. Idan ramukan gaba kaɗai ne, wayar cikin akwati ce. Idan sai an bar kwamfutar ta ɗan huta sannan na'urar ta ɓace, wannan saitin barci ne. Idan kuwa komai ne ke ɗaukewa lokaci guda, kibod da linzami da firinta, musamman sanda ake aiki mai nauyi, ko aka juya daga wutar gari zuwa janareta, ko firji ya tashi, to hankalinka ya koma kan wuta da BIOS, wato manhajar da ke cikin bod wadda ke tayar da kwamfuta kafin Windows.

Mataki na 2: Wanke na'ura da wayarta daga zargi

Kai na'urar wata kwamfutar ka gwada. Idan can ma tana yankewa, ka gama, kwamfutarka ba ta da laifi. Idan ba ka da kwamfuta ta biyu, juya gwajin: sa lafiyayyen filash ɗinka a ramin da ake zargi, ka kwafa babban fayil, kamar bidiyo mai giga biyu ko uku, ka zuba ido. Ƙaramin fayil ba ya tona asirin rami mai rauni.

Sai waya. Ƙa'idar USB 2.0 ba ta wuce tsawon mita 5 ba, ta USB 3.0 kuma a aikace da wuya ta yi lafiya bayan mita 3. Wayoyin firinta masu arha, sirara kamar igiyar takalmi, su ne kan gaba wajen wannan matsala, haka ma wayar ƙari da ake jonawa don ta kai wani teburin. Cire duk wani ƙari da duk wata marabar USB, wato abin da ke raba rami ɗaya zuwa ramuka da yawa, ka jona na'urar kai tsaye a bayan kwamfuta da gajerar waya mai kauri. Ka lura kuma, wasu wayoyin cajin salula wuta kaɗai suke ɗauka, babu layin bayanai a cikinsu ko kaɗan. Wayarka za ta yi caji amma kwamfuta ba za ta gan ta ba, kai kuma ka ɗauka ramin ne ya lalace.

Mataki na 3: Haska cikin kowane rami

Zare wuta, ka ɗauki tocila, ka duba ramukan ɗaya bayan ɗaya, na gaba da na baya. Abin da kake nema: harshen robar da ya karye ko ya tsage, ƙananan ƙarafan da suka lanƙwashe suka taɓa juna ko suka taɓa bangon ramin, da ƙurar da ta danƙare a can ƙasa har filogi ba ya shiga duka. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin damina takan zama kamar laka a ciki. Ka ciro ta da tsinken sakace a hankali, ka hura iska, ka ɗan shafa ruwan gogewa. Kada ka sa allura ko fil na ƙarfe.

An taɓa kawo mini wata kwamfuta daga shagon buga takardu. Da an kunna ta sai ta rubuta "USB Device Over Current Status Detected", ta ce za ta mutu bayan daƙiƙa 15, kuma ta mutu. An riga an gaya wa mai ita ya nemi sabon bod. Da na haska bayanta, sai ga wani ɗan siririn harshen ƙarfe a cikin ramin USB na sama. Faifan ƙarfen nan da ke rufe bayan akwati, wanda ramuka ke leƙowa ta cikinsa, yana da 'yan harsuna da ya kamata su kwanta a saman ramukan daga waje. Wanda ya haɗa kwamfutar ya tura bod ɗin da ƙarfi, ɗaya daga cikinsu ya shige ciki yana gogar layin wuta. Na kwance bod, na ɗaga harshen, na mayar, kwamfutar ta tashi. Tun daga ranar, bayan akwati nake fara haskawa a duk kwamfutar da aka taɓa kwance mata bod.

Idan ka tarar da ramin da harshensa ya karye, raba ƙarafan da tsinke yadda ba za su taɓa juna ba, ka liƙe bakinsa da salatif, kada kowa ya sake amfani da shi. Rami ɗaya da ya haɗe wuta yakan kashe na kusa da shi, domin galibi biyu-biyu suke cin wuta daga layi ɗaya. Idan kuma filogi na lilo a ciki, da ka ɗan taɓa waya sai ta yanke, ramin ya saki. Koma wani.

Mataki na 4: Rage wa ramukan nauyi

Cire duk abin da ke jikin USB, ka bar kibod da linzami. Sai ka riƙa mayar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya, kana ba kowacce ɗan lokaci. Wadda da shigarta matsala ta dawo, ita ce ko dai mai laifi ko kuma wadda ta cika kaya.

Masu cin wuta da yawa su ne faifan ajiya na waje, modem na intanet, kyamara, da salular da ake caji. Faifan ajiya yana jan wuta sosai a lokacin da yake tayar da juyawa. Idan ka ji yana "ƙas, ƙas" yana tashi yana mutuwa, yunwar wuta ce, kuma ci gaba da yi masa haka zai kashe shi. Mayar da shi ramin shuɗi na baya. Ita kuwa marabar USB mai ramuka huɗu wadda ba ta da cajarta, wutar rami ɗaya take raba wa huɗu. Ta dace da kibod da linzami, amma ba ta dace da faifai ba. Idan dole ne ka jona kaya da yawa, nemi maraba mai nata abin jonawa a bango. A shagunan da kwastomomi ke cika gaban kwamfuta da cajin waya, a ajiye musu caja daban.

Mataki na 5: Hana Windows sa ramuka barci

Wannan shi ne maganin na'urar da ke ɓacewa bayan an ɗan bar kwamfuta. A kwamfutar tebur da ke jikin soket, ɗan abin da ake tanadi da wannan barcin bai kai ciwon kan da yake jawowa ba. Zan rubuta sunayen kamar yadda za ka gan su a fuskar kwamfuta.

Shiga Control Panel, sai Power Options, sai "Change plan settings", sai "Change advanced power settings". Buɗe "USB settings", ka mayar da "USB selective suspend setting" zuwa Disabled. A cikin jerin dai, buɗe "PCI Express" ka mayar da "Link State Power Management" zuwa Off.

Daga nan danna maɓallin Windows tare da X ka zaɓi Device Manager. Gangara zuwa "Universal Serial Bus controllers". Duk wanda aka rubuta "USB Root Hub" ko "Generic USB Hub", shiga Properties ɗinsa, ka je "Power Management", ka cire alamar da ke gaban "Allow the computer to turn off this device to save power". Kowanne sai ka yi masa, kada ka tsallake ko ɗaya.

Sai "fast startup". Idan yana kunne, kashe kwamfuta ba cikakken kashewa ba ne, Windows na ajiye halin da take ciki ta dawo da shi, har da ramin da ya rikice. Shi ya sa wani zai ce ya kashe ya kunna sau biyar babu canji. A Power Options zaɓi "Choose what the power buttons do", ka danna "Change settings that are currently unavailable", ka cire alamar "Turn on fast startup".

Tun da kana cikin Device Manager, duba ko akwai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa. "Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed)", wadda kan zo da Code 43, tana nufin kwamfuta ta ji an jona abu amma ya kasa faɗin ko shi wane ne. Mafi yawan lokaci waya ce, ko rami, ko wuta. Alamar da ke kan shi kansa mai kula da ramukan (controller) kuwa tana nuna matsalar direba, wato manhajar da Windows ke sarrafa shi da ita. Sauko da direban chipset, wato guntun da ke haɗa sassan bod, daga shafin kamfanin madabod ɗinka, ko daga Intel ko AMD. Ka guji manhajojin nan da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da danni ɗaya, ɓarnarsu ta fi gyaransu. Masu Windows 7 su sani cewa ba ta zo da direban USB 3.0 a cikinta ba, sai an ɗora mata. Daga Windows 8 ne aka fara saka shi.

Akwai dabarar goge duk abin da ke ƙarƙashin "Universal Serial Bus controllers" don Windows ta sake ɗora su, kuma tana aiki. Sai dai da ka goge wanda kibod da linzaminka ke kai, za su ɗauke, ka rasa yadda za ka yi. Don haka kafin ka fara, buɗe Command Prompt ka rubuta shutdown /r /t 180, ka danna Enter. Kwamfutar za ta sake tashi da kanta bayan minti uku, ko kana da linzami ko ba ka da shi. Idan bod ɗinka na da zagayayyen ramin PS/2 kuma kana da tsohuwar kibod irinsa, ita ma ta wadatar.

Idan har yanzu kana shakkar ko manhaja ce ko ƙarfe, ɗora Linux, kamar Ubuntu, a kan filash ka tayar da kwamfutar da shi ba tare da ka girka ba. Ka yi aiki na awa ɗaya ko biyu. Idan babu yankewa, laifin na Windows ne. Idan can ma tana yi, rubuta sudo dmesg a tashar umarni. Kalmar "over-current" na nuna haɗewar wuta, "error -71" kuma galibi waya ce ko rami.

Mataki na 6: Idan linzami ko kibod marar waya ne kaɗai ke tsalle

A shekarar 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa ramukan USB 3.0 da wayoyinsu na fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4 GHz, wanda linzami marar waya da Bluetooth da Wi-Fi ke amfani da shi. Idan ɗan abin da ake sa wa a ramin USB don karɓar saƙon linzaminka na maƙwabtaka da filash ko faifai a ramin shuɗi, mayar da shi baƙin rami, ko ka jawo shi kan tebur da gajerar wayar ƙari. Ka canza batir ɗin ma kafin ka zargi wani abu.

Mataki na 7: Buɗe akwati ka bi wayar ramukan gaba

Zare wuta, kwance murfin gefe, ka share ƙura da buroshi da iska. Bi wayar da ta taso daga ramukan gaba har inda ta sauka a kan bod.

Ta USB 2.0 tana zama a kan mazauni mai fil 9, layi biyu, fil ɗaya babu a kusurwa. Za ka ga an rubuta USB ko F_USB a gefensa. Ta USB 3.0 babba ce mai kauri, mazauninta fil 19 ne, kuma filolin sirara ne ƙwarai. Nauyin wayar kansa yakan ja filogin ya karkace, rabi a ciki rabi a waje, sai ramukan su riƙa aiki yau gobe su ƙi. Zare shi a miƙe, kada ka girgiza shi gefe da gefe, domin wani lokacin har robar mazaunin yake tahowa da ita. Haska filolin. Idan ɗaya ya kwanta, ɗaga shi sannu a hankali da bakin fensir mai matsawa wanda aka cire wa gawayi. Sau ɗaya za ka lanƙwasa shi, idan ka yi ta kai da komo zai karye.

Kuskure biyu nake yawan gani a nan. Na farko, jona wayar USB a mazaunin sauti. Shi ma fil 9 ne, amma gurbin da babu fil ba a kusurwa yake ba, ya matso ciki da ɗaya, kuma an rubuta AAFP ko HD AUDIO ko F_AUDIO. Idan filogi ya ƙi shiga, kada ka tilasta masa. Na biyu ya fi haɗari: a tsofaffin bod akwai mazaunin da aka rubuta wa 1394, kamarsa ɗaya da na USB, amma volt 12 yake ɗauka. Duk filash ɗin da aka sa a ramin da aka jona can, ya ƙone. Idan akwatinka tsoho ne mai wayoyi a rarrabe, jerin shi ne ja, fari, kore, baƙi, kuma ja yana can ƙarshen da ya fi nisa da gurbin da babu fil. Ka tabbatar da littafin bod kafin ka kunna.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka zare wayar gaba gaba ɗaya, ka yi kwana ɗaya da ramukan baya kaɗai. Idan komai ya daidaita, ko saƙon haɗewar wuta ya daina fitowa, allon gaban ne ya lalace. Ana sayar da madadinsa, ko ka bar shi a zare. Kafin ka rufe, duba ko akwai sukurun da ya faɗa bayan bod, ko ƙafar ƙarfe da aka ɗaura a inda bod ba shi da huda.

Mataki na 8: Auna wuta

Kada ka cusa tsinken mita cikin rami, da ƙyar za ka kauce wa haɗa ƙarafa biyu. Yanke tsohuwar wayar USB ɗin nan, ka feƙe ja da baƙi, ka naɗe fari da kore da salatif kowanne daban. Sa mita a kan volt na DC, zangon 20, jan tsinke kan ja, baƙi kan baƙi, ka jona a ramin. Ya kamata ka ga tsakanin 4.75 da 5.25. Ka auna sau biyu: sanda babu komai, da kuma sanda faifan ajiya ke aiki a ramin da ke kusa. Rami mai rauni yakan nuna 5 daidai idan babu kaya, da an ɗora masa sai ya zube.

Idan duk ramukan ne ke ƙasa, auna daga wayoyin fawa-fak; wannan awon kam sai da kwamfuta a kunne ake yin sa. A filoginsa mai ramuka huɗu, ja volt 5 ne, ruwan ɗorawa volt 12, baƙi biyun kuma ƙasa. A babban filogi mai fil 24, waya mai launin shunayya ita ce volt 5 da ba ta mutuwa, kuma bod da yawa da ita suke ciyar da USB sanda kwamfuta ke kashe. Idan ɗaya daga cikin layukan volt 5 ɗin ya faɗi ƙasa da 4.75 ko yana rawa, ara lafiyayyen fawa-fak ka gwada kafin ka saya. Wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP volt 12 kaɗai fawa-fak ɗinsu ke fitarwa, bod ne ke samar da volt 5 da kansa, don haka a irinsu aunawar rami ita ce abin dogaro.

Akwai kuma batun wayar ƙasa, wanda a gidajenmu da shagunanmu ake sakaci da shi. Idan ka taɓa ƙarfen akwati da bayan hannu ka ji yana ɗan tsikararka, ko ka ga ɗan tartsatsi sanda kake jona wayar firinta, kwamfutar ba ta da haɗi da ƙasa. Ko dai soket ɗin bango ba a ja masa waya ta uku ba, ko abin ƙarin soket ɗin mai waya biyu ne, ko an karya dogon ƙarfen filogi. Wannan wutar da ke yawo a jikin akwati ta wayar USB take bi zuwa firinta, tana gurɓata bayanai, kuma a hankali tana kashe ramuka. Kira mai gyaran wuta ya gyara layin ƙasa, ka jona kwamfuta da firinta a soket ɗaya mai waya uku. Inda ake yawan juyawa tsakanin wutar gari da janareta, UPS ya zama dole, amma kada ka ɗora masa firinta mai leza, tana jan wutar da ta fi ƙarfinsa.

Mataki na 9: BIOS

Sake kunna kwamfuta kana danna Delete ko F2, a HP kuma F10. Ka fara ɗaukar hoton saitunan da wayarka, musamman na faifai, domin idan yanayin SATA ya canza Windows na iya ƙin tashi. Sai ka zaɓi mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Wannan zai cire duk wani ƙarin gudu da aka yi wa firosesa ko RAM, har da XMP, saitin ƙara wa RAM gudu, wanda idan bai zauna daidai ba yakan bayyana ta hanyar yankewar USB. Tabbatar "Legacy USB Support" na kunne, haka "XHCI Hand-off" idan akwai, kuma ba a kashe wasu ramuka ba, domin kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje wani lokacin da gangan aka rufe musu ramukan. Idan agogo na komawa baya duk sanda aka zare wuta, canza ɗan batir ɗin bod, CR2032 mai volt 3.

Akwai kuma lokacin da kuskuren na cikin BIOS ɗin ne. A farkon 2021 masu firosesa Ryzen a kan bod masu chipset B550 da X570 sun yi ta ƙorafin ramukansu na ɗaukewa suna dawowa, sauti na kakkaryewa. A watan Maris na shekarar AMD ta sanar da cewa ta gano dalilin, ta fitar da gyara a cikin AGESA 1.2.0.2, wato ɓangaren BIOS da AMD ke samarwa, wanda kamfanonin bod suka saka a sabbin BIOS ɗinsu. Kafin gyaran ya iso, abin da mutane ke yi shi ne mayar da PCIe daga Gen 4 zuwa Gen 3, da kashe "Global C-State Control". Idan bod ɗinka na wannan zuriyar ne kuma ba a taɓa sabunta shi ba, sabunta BIOS shi ne abin da za ka fara yi, kafin ma ka ɗauki sukundireba.

Sabunta BIOS ba wasa ba ne. Sauko da fayil na ainihin samfurin bod ɗinka, har da lambar bugunsa idan an rubuta Rev a jiki. Sa shi a filash da aka tsara da FAT32, a baƙin ramin baya wanda ka tabbatar ba ya yankewa. Kada ka fara sai kana kan UPS mai cikakken caji ko inbata. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, bod ɗin na iya ƙin tashi kwata-kwata.

Mataki na 10: Idan da gaske bod ɗin ne

Ka bi duk na sama, wasu ramukan baya har yanzu babu wuta ko ba sa ganin komai. Duba bayan ramukan a kan bod, za ka ga ɗan ƙaramin fiyus mai kusurwa huɗu, galibi kore ko baƙi, an rubuta F da lamba a gefensa. Da wuta a zare, sa mita a kan gwajin haɗi ka taɓa gefensa biyu. Idan mita ba ta yi ƙara ba, ya yanke. Mai gyaran waya da ya ƙware da dalma zai canza maka shi. Kada ka yarda a haɗe gurbinsa da guntun waya, domin ranar da wani rami ya sake haɗe wuta babu abin da zai tare ta.

Idan wuta na zuwa amma babu rami ko ɗaya da ke ganin na'ura, a Windows da Linux duka, mai kula da ramukan ne ya mutu, kuma shi galibi a cikin chipset yake. Duk da haka ba sai ka jefar da bod ba. Sayi katin USB mai ramuka biyu ko huɗu, wanda ke shiga ramin PCIe, wato gurbin ƙara kati da ke jikin bod. Masu guntun Renesas ko ASMedia su na fi natsuwa da su, kuma Windows 10 da 11 kan gane su ba tare da faifan direba ba. Idan akwatinka siriri ne irin na ofis, tabbatar katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa. Zare wuta, cire murfin gurbi ɗaya a baya, danna katin har ya zauna, ka ɗaure da sukuru. Idan yana da wurin jona wuta ta SATA ko filogi mai ramuka huɗu, ka jona, in ba haka ba faifan ajiya zai riƙa yankewa a kansa kamar da. Ka sani cewa kibod da ke jikin irin wannan kati ba lallai ta yi aiki a cikin BIOS ba, don haka idan akwai rami ɗaya na asali da ya rage da rai, ko ramin PS/2, ka bar wa kibod shi. Kunna kwamfutar, ka sake kwafe babban fayil ɗin nan na mataki na biyu sau uku a jere, a kowane sabon rami, kafin ka mayar da murfi.